Ga Masu Shirin Hayar Mota A Ƙasashen Waje: "Lasisin Duniya" Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu. Na san zan ci wuri fiye da yadda aka saba, ka yi mini haƙuri, maganar ce ba ta yankuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan La'asar, muna zaune a ƙofar shago sai wani matashi daga cikin yaran maƙwabcina ya fito da wani kati mai sheƙi yana nuna wa jama'a. Ya ce "lasisin duniya" ne. Ta waya ya ga tallarsa, ya tura hoto da kuɗi, kwana huɗu aka aiko masa. A jikin katin an rubuta wai yana aiki shekara goma. Umara yake shiri cikin azumi, kuma ya ce da ya sauka zai karɓi motar haya ya huta da tsadar tasi. Na ce masa, "Yaro, ina lasisinka na gida?" Ya ce ai wancan ya ƙare tun bara, kuma tunda ya samu na duniya me zai yi da na gida? Gabana ya faɗi. Mutum bakwai ne a wurin, dattawa uku, kuma babu wanda ya ga aibin maganarsa. Shi ya sa na ce wannan ba zancen majalisa ɗaya ba ne, sai jarida.

Ni ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Na haura shekara talatin ina tuƙi. Fatauci ya kai ni Dubai da Guangzhou sau da dama, Allah kuma ya nufe ni da zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Ba lauya ba ne ni, ba kuma ma'aikacin hanya ba. Abin da zan faɗa na koye shi ne a tsaye gaban kanta, da mahaifiyata zaune a keken guragu a bayana.

A farkon 2023 na kai mahaifiyata, Hajiya, aikin Umara, tare da mai ɗakina. Hajiya ta haura saba'in da biyar, gwiwoyinta ba sa ɗaukar hawa da saukar bas, kuma ta daɗe tana faɗa mini burinta guda: ta ga Badar da idonta kafin ta bar duniya. Daga Madina zuwa Makka tafiyar kimanin kilomita 450 ce. Akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, mai sauri ne, mai daɗi, amma ba ya tsayawa a Badar. Sai na tsara cewa mu sauka a Madina, in karɓi mota a filin jirgi, mu yi kwanakinmu, ranar tashi mu ɗauki harami a Zul Hulaifa, mu bi ta Badar mu tsaya gwargwadon yadda ranta yake so, sannan mu wuce. Na yi rajistar motar ta intanet tun ina Kano, na biya kuɗin kwana takwas. Ina da ɗan littafin nan na izinin tuƙi na ƙasa da ƙasa, na gaskiya, wanda na karɓa watanni kafin tafiyar. Hankalina kwance.

Abin da ban lissafa ba shi ne, katin lasisina na Najeriya ya cika wa'adinsa saura mako uku mu tashi. Na je na sabunta, aka ɗauki hotona da zanen yatsu, aka ba ni takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin sabon katin ya fito. A gida wannan takarda ta isa, ko'ina ka nuna ta za a bar ka ka wuce. Na naɗe ta na sa cikin fasfo.

Mun sauka da dare. Na tura keken Hajiya har gaban kantar kamfanin, na miƙa fasfo da biza da ɗan littafin. Ma'aikacin, wani saurayi mai ladabi, ya buɗe littafin ya duba, sai ya ce, "Ina na asalin?" Na miƙa masa farar takardar. Ya juya ta gaba da baya. Ya kira babbansu. Shi kuma ya nuna mini lambar da ke cikin littafin, ya ce wannan littafi yana magana ne a kan wani kati, kuma ranar ƙarewar katin ta wuce. Takardar da ke hannuna kuwa ba su san ta ba, na'urarsu ba ta karɓarta, kamfanin inshorarsu ma ba zai karɓa ba. Ya ƙara nuna mini wani abin da ni kaina ban taɓa lura da shi ba: yadda aka rubuta sunan mahaifina a fasfo daban, a takardar lasisin daban, harafi biyu ne suka bambanta. Na yi bayani da guntun Larabcina da Turanci. Na ce shekara talatin ina tuƙi ban taɓa buge ko akuya ba. Na nuna masa tsohuwa. Ya dafa ƙirji ya ba ni haƙuri, ya ce ba a hannunsa abin yake ba.

Kusan awa biyu muka yi a wurin. Daga cikin kuɗin da na biya, kaɗan ne ya dawo, domin sharaɗin yana rubuce a takardar da na amince da ita ba tare da na karanta ba: wanda bai zo da cikakkun takardu ba, shi ya saɓa. A ƙarshe mun ɗauki direba na haya ya kai mu Makka ta Badar. Mutumin yana sauri, yana da wani fasinja da ke jiransa. Minti ashirin ya ba mu a wurin da Hajiya ta shekara arba'in tana ambato. Ta yi wa shahidai goma sha huɗun nan addu'a daga bakin katanga, aka ce mu shiga mota. Ba ta yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma shirun nata ya fi mini ciwo.

Na daɗe ina jin haushin saurayin nan. Da na dawo na zauna na bi diddigin abin, sai na gane gaskiya ce ya yi, kuma da ya ba ni mukullin da ya cuce ni.

Malam Edita, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Babu wani abu wai shi lasisin duniya. Babu wani ofishi a Majalisar Ɗinkin Duniya ko wani wuri da yake gwada mutum tuƙi ya ba shi izinin hawa titin kowace ƙasa. Abin da ake da shi ɗan littafi ne da yake fassara lasisinka na gida zuwa harsuna da yawa, domin ɗan sandan da bai san tsarin katinmu ba ya gane sunanka, da irin motar da aka yarda ka tuƙa. Tafinta ne. Tafinta kuwa ba ya shiga fada shi kaɗai, sai da mai maganar. In katin gida ya mutu, littafin ya mutu tare da shi ko da ranar da ke jikinsa ba ta zo ba. In ka bar katin a gida, littafin ya zama takardar banza.

Littafin ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin da ƙasashe suka ƙulla kan zirga-zirgar motoci. Manyan biyu su ne ta Geneva ta 1949 da ta Vienna ta 1968. Wanda aka yi bisa ta 1949 shekara ɗaya yake yi. Na 1968 iyakarsa shekara uku, kuma ba ya wuce wa'adin lasisin gida. To ka ga duk wanda ya sayar maka da mai shekara goma ko ashirin, ya riga ya gaya maka da bakinsa cewa jabu ne. Sannan ƙasar da ta ba ka lasisi ita ce take ba ka littafin, ta hannun hukumar da ta wakilta. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ƙofar. Ba shagon buga takardu ba, ba wani shafin Facebook ko lambar WhatsApp ba, ba kuma wani kamfani da ke wata ƙasa da bai taɓa ganin fuskarka ba. Wanda ya miƙa wa ɗan sanda takardar jabu a ƙasar mutane, ya bar laifin tuƙi ya shiga laifin zamba, kuma wannan ba a kashe shi da tara kaɗai.

Kuma ba kowace ƙasa ce take karɓar kowane littafi ba. Japan na 1949 kaɗai ta sani. Ƙasar Sin kuwa, inda 'yan kasuwarmu suke tururuwa, ba ta karɓar ko ɗaya. Baƙon da yake son tuƙi a Guangzhou sai ya nemi izinin wucin gadi daga hukumarsu. Shi ya sa duk zuwan da na yi can ban taɓa kama sitiyari ba, jirgin ƙarƙashin ƙasa da tasi sun wadatar.

Abu na biyu da kantar Madina ta koya mini: ƙofa uku mutum yake wucewa kafin ya hau titi da motar haya, kuma kowace da mai gadinta. Akwai dokar ƙasa, akwai sharaɗin kamfanin haya, akwai kamfanin inshora. Mu yawanci ta farko kaɗai muke tambaya. Misali, dokar Saudiyya ta bar baƙo ya yi tuƙi da ingantaccen lasisin ƙasarsa ko na ƙasa da ƙasa har shekara ɗaya daga ranar shigarsa, ko zuwa ranar da lasisin zai ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Mata ma sun samu damar tuƙi a can tun Yunin 2018. Amma dokar ba ta tilasta wa ɗan kasuwa ya ba ka motarsa ba. Shi yana da nasa sharuɗɗa, kuma a ƙasashe da yawa kusan iri ɗaya ne. Mafi yawan kamfanoni ba sa ba wanda bai kai shekara 21 ba, wanda bai kai 25 ba kuma su ƙara masa kuɗi a kowace rana. Da yawa suna son lasisin ya kai shekara guda a hannunka. Wanda ya sabunta kati kwanan nan ya kula da wannan, domin ma'aikaci zai iya ganin sabuwar rana ya ɗauka ɗan koyo ne; in tsohon katin yana hannunka, tafi da shi.

Sai batun katin banki, wanda ya kayar da mutanenmu da yawa. Ɗan kasuwar Kano ya saba da tsabar kuɗi. Zai zo da dala a aljihu da za ta sayi motar ma, ya ga an hana shi haya, ya ɗauka wulaƙanci ne ko don fatarsa ne. Ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. Kamfanin yana son katin da zai riƙe wani kuɗi a cikinsa jingina, wanda zai cira in tara ta biyo baya ko an ga ƙwarzane a jikin mota. Katin kuma dole ya zama da sunan wanda zai tuƙa, ba na matarsa ba, ba na abokin tafiyarsa ba. Wasu ma ba sa karɓar katin cirar kuɗi irin namu, sai katin bashi. A shekarar da na yi tafiyar nan, bankunanmu da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje, mutane suka riƙa isa kanta katin ya ƙi. Kuɗin jinginar nan kuma yakan ɗauki makonni kafin a sake shi, don haka kada mutum ya lissafa shi cikin guzurinsa.

Ƙofa ta uku ita ce ta fi tsoratar da ni, kuma ita ce ba a zancenta. Inshora tana tsaye ne a kan sharaɗin cewa wanda ke riƙe da sitiyari yana da ingantaccen lasisi kuma sunansa yana cikin takardar haya. Mu da al'adarmu ta "karɓi ka ɗan taimaka mini na gaji," sai mutum ya miƙa wa ƙanensa mukulli a tsakiyar hanya. In Allah ya kawo tsautsayi a wannan lokacin, kamfanin inshora zai iya zare hannunsa, komai ya dawo kanka: motarsu, motar wancan, asibiti. In kuma rai ya salwanta, a Saudiyya diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce. Mai karatu ya buga wannan da naira ya gani. Wannan nake tunawa in na ce da saurayin nan ya tausaya mini ya ba ni mota, da cutata ya yi. Da na yi tafiyar kilomita ɗaruruwa da tsohuwa a baya ba tare da wata kariya ba, ina zaton ina da ita. Sa sunan direba na biyu ɗan ƙarin kuɗi ne kawai, amma shi ma sai ya zo da kansa da takardunsa.

Ko inshorar ta tsaya daidai, a tambayi nawa ne kason da yake kan mai haya kafin kamfani ya fara biya, domin akwai shi kusan ko yaushe. A zagaya motar da waya a ɗauki hotonta ciki da waje, har taya da gilashi da ma'aunin mai, kafin a motsa. In aka yi karo, ko ɗan gogar fenti ne, ba a yin sasancin bakin titi irin namu na "Allah ya kiyaye gaba, kowa ya gyara tasa." Kamfanin haya rahoto yake so. A Saudiyya akwai kamfanin Najm da ake kira ya rubuta yadda ƙananan haɗurra suka auku. Wanda ya mayar da mota da lotsawa babu rahoto, daga aljihunsa zai biya.

Yanzu bari in juya ga 'ya'yanmu da ke zaune a waje, domin nasu ya bambanta da na baƙon kwana goma. Duk sassaucin da na ambata na mai ziyara ne. Da zarar ka zama mazauni, agogo ya fara bugawa. Ɗan yayana yana karatun digiri na biyu a Ingila. Ya sayi 'yar tsohuwar mota don zuwa aiki, yana tuƙi da lasisin Najeriya, kuma doka ta yarda da hakan har wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Abokansa suka ce masa in ya zo hutu gida ya koma, lissafin ya koma farko. Ba gaskiya ba ne. Ga mazauni, daga ranar da ya fara zama ake ƙirgawa. A wata na goma sha huɗu 'yan sanda suka tsayar da shi, suka duba, suka ce lasisinsa ya daina aiki a ƙasar, inshorarsa ma ta shiga matsala saboda haka. Aka ɗauke motar nan take. Tuƙi babu inshora a can, mafi sauƙin hukuncinsa tarar fam 300 da makin laifi shida a kan sunanka, kuma makin nan yana bin ka shekaru, duk kamfanin inshorar da ya gani sai ya tsauwala maka. Ya kira ni cikin dare muryarsa na rawa, yana tsoron kada abin ya shafi takardar zamansa. Sai da muka haɗa masa kuɗi daga nan.

Abin da ya kamata ya yi tun watanninsa na farko shi ne ya nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar da ke ba da lasisi a can, ya zauna jarrabawar rubutu mai tambaya 50 da ake son a ci 43, da gwajin hango haɗari a kwamfuta, sannan gwajin titi na kusan minti 40 tare da mai jarrabawa a gefensa. Akwai ƙasashen da Birtaniya take musanya lasisinsu kai tsaye ba tare da jarrabawa ba, a Afirka akwai Afirka ta Kudu da Zimbabwe, amma Najeriya ba ta ciki. Layin jiran gwajin titi kuma yana da tsawo, watanni ake yi, shi ya sa ba a bari sai wata na goma sha ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma ya yi gwaji da otomatik, otomatik kaɗai lasisinsa zai ba shi; mai son giyar hannu sai ya yi gwajin da ita. A Jamus wata shida ne kacal ga mazauni. A Dubai, ranar da bizarka ta koma ta zama, littafin ƙasa da ƙasa ya tashi aiki, sai lasisinsu. Mai iƙama, wato takardar zama, a Saudiyya shi ma lasisinsu ake nema a wurinsa.

A nan ne nake son in faɗi abin da ya fi damuna, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Me ya sa ake musanya lasisin wasu ƙasashe, namu sai an sake gwaji? Dalilan gwamnatoci nasu ne. Amma mu mun san halin da muke ciki. Mutum nawa ne a cikinmu suka karɓi lasisi ta hannun ɗan kamasho, suna zaune a shago, ba su taɓa kama sitiyari a gaban mai gwaji ba? Mutum nawa ne ɗan kamashon ya cike musu fom da son ransa, ya rubuta Mohammed inda fasfo ya ce Muhammad, ya sa sunan uba a gurbin sunan yanka, ya ƙirƙiro ranar haihuwa? Wasu ma katin da aka kawo musu ba ya cikin rumbun hukuma sam, ba su sani ba sai ranar da suka je sabuntawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga bangon da ƙyuyar bin layi. A gida ana lallaɓawa a wuce. A waje na'ura ce take karanta takarda, ba ta san ɗan wane ba, ba ta jin magiya. Tsarin yana nan a shimfiɗe: makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, gwajin jami'an duba motoci, biyan kuɗi, ɗaukar hoto da yatsu da kanka, a ba ka na shekara uku ko biyar. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma ranar da ka je, ka ɗora fasfo da katin ɗan ƙasa kusa da fom ɗin ka bi harafi-harafi.

Takarda ma ba ita ce iyawa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, kuma ya sha ba mu labarin ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Ya ce an yi watanni ana shela a rediyo, amma duk da haka sai da ƙwararrun direbobi suka riƙa shiga shataletale ta baibai. Ka duba, ƙasa guda ce ta shirya wa abin. To ina ga mutum ɗaya da ya kwana a jirgi, ya sauka Landan da asuba, ya shiga motar da sitiyarinta ke dama, giya a hannun hagu, shataletale yana juyawa saɓanin yadda jikinsa ya saba? Ga allon gudu da mil ake rubuta shi, 70 da ka gani a babbar hanya kusan kilomita 112 ne. Shawarata, kada kowa ya karɓi mota ranar da ya sauka. A kwana, a huta, a shiga gaban motar wani a kalli hanya tukuna.

Kuma a can ba lallai ka ga mai kaki ba. Kamara ce take aiki. Saudiyya tana da tsarin Saher, wanda yake ɗaukar mai gudu, da mai waya a hannu, da wanda bai ɗaura bel ba. Tsallake jar danja a can tarar riyal 3,000 zuwa 6,000 ce. A Dubai akwai ƙofofin Salik da suke cajin mota duk wucewa ba tare da ka tsaya ba. Tsakiyar Landan akwai kuɗin cunkoso na kullum da kai za ka biya da kanka ta intanet, in ka manta ya zama tara. Duk waɗannan kamfanin haya ake aika wa, shi kuma ya cira daga katinka ya ɗora nasa ladan, kana Kano kana ganin saƙon banki. In kuwa ɗan sanda ya tsayar da kai, don Allah kada hannu ya tafi aljihu da sunan na goro. Wannan kaɗai ya isa ya kai mutum gidan yari. Mai tafiya da ƙananan yara ya nemi kujerarsu tun wurin rajista, mai ƙafa kuma in ya sa ƙafa a layin tsallakawa, titin nasa ne.

Masu shiga maƙwabta da motarsu, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Illela zuwa Ƙonni, nasu wani babi ne: takardun mota, izinin kwastan, da inshorar ƙetare iyaka irin katin nan mai launin ruwan ƙasa, wato Brown Card, da ECOWAS ta kafa tun 1982. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, a tambayi direbobin tasha da jami'an iyaka abin da ake nema a makon da za a tashi. Motar haya kuwa ba a ƙetare iyakar ƙasa da ita sai da rubutaccen izinin kamfanin, ko daga Dubai zuwa Oman ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ya zauna da su, ya kawo mana da Hausa, dalla-dalla: ina ake neman littafin nan, me ake kaiwa, nawa ake biya a hukumance, kwana nawa yake ɗauka, kuma yaya mutum zai duba ko katin da ke aljihunsa yana cikin rumbunsu. A buga hoton na gaskiya kusa da na jabu. A yi haka kafin azumi, lokacin da jirage suke cika. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye kuma, da malaman da suke yi wa maniyyata bita, su ƙara minti biyar a kan wannan. Yanzu masu Umara da yawa matasa ne masu son zagayawa da kansu zuwa Ɗa'if da Badar. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waje, in kun kira ku tambayi lafiya da karatu, ku tambayi ranar da suka sauka da irin lasisin da suke tuƙi da shi.

Shekarar da ta biyo na koma Madina. Na gyara sunan, katin roba yana hannuna, sabon littafi yana hannuna, katin dala da sunana. Ban yi minti goma sha biyar a gaban kanta ba aka miƙo mini mukulli. Na je Badar na yini. Hajiya ba ta samu zuwa ba, likita ya hana ta doguwar tafiya, sai ta waya na nuna mata filin.

Yaron maƙwabcina ya ji maganata, ranar Litinin ya je ya fara sabunta lasisinsa, kuma ya bar mini katin jabun. Yana nan a aljihun teburina tare da tsohuwar takardata ta kwana 60 da rasidin kamfanin hayar. In wakilinku na Kano yana son ya ɗauki hotonsu don rahoton, zan kawo masa har ofis.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano.